Jitar da Erandi Ta Toshe wa Numfashi

Kwana tara ke nan ina ɗauke da abin nan a raina. Ban yi nisa a karatu ba, aji huɗu na tsaya, ku yi haƙuri da yadda zan faɗe shi.

Mu a garinmu Paracho jita muke ƙerawa tun kakanni. Mijina Melesio ya shekara talatin yana feshin man sheƙi bai taɓa rufe hancinsa ba, yanzu ƙirjin ya gama aiki, daga gado sai kujerar bakin ƙofa. 'Yarmu Erandi ce ta karɓi bindigar feshin. Shekarunta ashirin da uku, bana kuma ta ce sai ta shiga gasar maƙeran jita ta bikin Agusta da jitar hannunta, da sunanta a 'yar takardar da ake mannawa a ciki, ba sunan ubanta ba. Katakon bayan jitar, daga ɗakin kakar Melesio ta ciro shi, wani tsohon ɗakin katako a bayan gari da ya daɗe ba mai shiga.

Kowa ya sani, kafin feshi sai an cusa takarda a bakin jita, wato ramin da sauti ke fita, don cikin ya zauna tsirara, itace ya samu inda zai sha iska. Erandi ta ga damina ta yi nauyi, ta ji tsoron danshi, sai ta zare takardar ta fesa har ciki, ta bi ta kan sunanta ma.

Ubanta ya ce, "Ke, wa ya koya miki haka? Jita kike yi ko akwatin gawa?"

Ta ce, "Baba, kai da ka shaƙe man gari guda, yau kai ne mai wa'azin numfashi?"

Ya yi dariya har tari ya durƙusar da shi. Ba a sake dariya a gidan ba.

Ran nan da yamma ruwa ya ɗauke, gajimare ya sauko har kan rufin gidaje, unguwa ta yi tsit, ko karnuka ba sa haushi. Ina dama kunun masara sai na ji ƙwal a kan kwanon rufi. Na ce yara ne. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. Na fita tsakar gida na tsinci ɗaya. Baƙin dutse ne, busasshe, da ɗumi, alhali komai a jiƙe yake.

A ɗakin aiki jitar na rataye a ƙugiya, ko tsirkiya ba a ɗaura mata ba, amma daga bakinta wani sauti ke fita, irin na mutumin da aka danne wa fuska da bargo. Man da ya kwanta garau da rana ya koma fari kamar madara.

Melesio ya ce danshi ne, a goge a sake. Erandi ta goge da sanfefa, ta jira rana ta buɗe, ta sake fesawa. Sau uku. Kullum rana na faɗuwa duwatsu su dawo, farin ya dawo, kuma daga baki yake farawa ya bazu, kamar an hura wa madubi numfashi ta ciki.

A yammaci na huɗu Erandi ta faɗi a bakin murhu tana jan iska ba ta samu. Likita ya duba, ya ce ƙirjinta kalau. Washegari sai na shiga mota zuwa garin Cherán na ɗauko Nana Cleofas, tsohuwar da ta san ganye, ta kuma san abin da ba a gani.

Nana ta kwantar da jitar a gefen yarinyar, ta kunna turaren ƙaro, ta daɗe tana addu'a can ƙasa-ƙasa. Rana ta faɗi. Dutse ɗaya ya sauka a kwano. Erandi ta tashi zaune, idonta a rufe, ta buɗe baki da muryar tsoho, busasshiya, cikin yaren kakanninmu wanda ko gaisuwa ba ta iya da shi ba.

"Wa ya rufe ni?"

Nana ta ce, "Ni ke tambaya a nan, tsoho. Me kake nema a jikin 'yar mutane?"

"Iska. Tun itacen yana tsaye a tsauni nake ciki. Aka sare, na yi shiru. Aka yi ɗaki, na yi shiru. Aka fafe shi kamar ƙwarya, na ce ba komai, ga baki an bar min. Sai aka shafe ni ciki da waje."

"Ga sabon katako, ko ruwa bai taɓa shi ba. Koma can."

"Ta ina zan bi, Nana? Ƙofa ɗaya aka bar min, sunan da aka rubuta a ciki. Shi na karanta, shi na bi."

Na ce, "Don Allah ka ɗauki nawa ƙirjin." Ko juyowa bai yi ba. Melesio ya ce a ɗauki nasa, muryar ta ce, "Naka? Me ya rage a ciki?"

Shi da Nana sun daɗe suna ja. Ya nemi ƙirjin Erandi na shekara guda, Nana ta ce ko na yini ba a ba shi. Daga ƙarshe ya yarda zai koma cikin jitar ya daure, amma hannun da ya rufe shi, shi zai ɓalle bayan jitar ya kankare man har itace ya fito, kafin a kaɗa ƙararrawar buɗe biki. In wani hannu ya fasa ta ko ya ƙona ta, to ba shi da sauran gida sai yarinyar. Erandi ta yi atishawa, ta zube, farin ya janye daga jikin jitar muna kallo.

Da ta farka ba ta tuna komai ba. Da muka ba ta labari, ta ce warin mai ne ya bugar da ita, mu kuma mun biye wa tsohuwa. Ɓalle baya, mannawa, sake feshi a wannan damina, aikin wata guda ne, gasa ta wuce ke nan. Ta ɗaura tsirkiya ta kaɗa. Melesio ya rufe fuska yana kuka, ya ce duk rayuwarsa bai taɓa jin jita mai murya irin wannan ba. Ni kuwa na san abin da ke kuka a ciki.

Na roƙe ta, na durƙusa mata, ni da na haife ta. Ta ɗaga ni ta ce, "Haba Mama, bayan gasa in kina so har miya ki yi da ita." Na koma wurin Nana, ta ce ita nata ya ƙare, alkawari an riga an ɗaura.

Jibi za a kaɗa ƙararrawar. Ɗazu Erandi ta ɗauko guga daga bakin famfo, taku goma ne, sai da ta tsaya sau biyu tana dafe bango, na ji wani siririn fito a ƙirjinta, ta ce min sanyi ne. Wuƙar ubanta na cikin aljihun rigata tun jiya. Na yi tunanin in bari ta yi barci, in damƙa mata wuƙar, in riƙe hannun nata da nawa mu ɓalle katakon. Amma in tsohon nan ya ce hannuna ne ba nata ba fa? Ku da kuka fi ni sani, don Allah, yaya zan yi?