Kifin Da Ƙuda Ya Ƙi

Da hantsi waya ta iso ofishin Sufeto Albashir a Birnin Kebbi: kifi ya mutu a gulbin Argungu, masunta kuma sun yi wa Hajiya Sadatu zobe.

Sadatu ce shugabar sashen muhalli na ƙaramar hukuma. Ita ta dage aka yashe magudanai, aka fesa maganin sauro, har zazzaɓi ya ragu. Yanzu ga tukuicinta, ana neman a kore ta, a rufe aikin.

"Maganinta ne yag gangaro gulbi!" in ji Tamba, dattijon masunta, yana huci, da isar Sufeto wurin.

Sufeto ya gangara bakin ruwa. Ya naɗe wando ya bi gaɓa. Matattun kifaye sun faro ne can sama da inda magudanar ke zuba a gulbi.

"Baba Tamba, ruwa na hawan tudu a garinku?"

Tamba ya sosa ƙeya.

Sufeto ya ci gaba: "Kuma ina manyan? Ƙanana kawai nake gani. Guba ba ta zaɓe, mutum ke zaɓe."

Daga nan sai rumfunan 'yan banda. Ko'ina ƙuda ya yi dandazo, mata na ta kora da mafici. Rumfar Sadisu kuwa cike take da manyan kifaye, ragon ruwa da giwan ruwa, a makon da kowa ke kukan rashin kamu.

"Ina ka samo waɗannan?"

"Daga Yawuri, ranka shi daɗe. Ni ban taka gulbi ba satin ga."

Sufeto ya tsaya yana kallon ɗanyen da ba a ɗora a wuta ba. Ƙuda ko ɗaya bai sauka ba. Wanda ya yi gangancin sauka yana ƙasa, ƙafafu sama.

Ya ɓalli bandar, ya miƙa masa.

"Bismillah. Mai kaya shi ke fara ɗanɗanawa."

"Azumi nika yi."

"Da goro a bakinka? To, a kai wa iyalinka su yi miya."

Sadisu ya yi wuf ya riƙe hannunsa.

"Don Allah kar a kai gidana!"

"Amma gidan wasu ya halatta?"

Nan Sadisu ya amsa laifinsa. Ya ce maganin ƙwarin albasa ya tuttula a gulbi, ya kwashe manya, don ya san feshin Hajiya za a zarga.

Da aka sa masa ankwa, aka haƙa rami aka binne kifin gaba ɗaya. Tamba ya tako gaban Sadatu a kunyace.

"Hajiya, mun ci haƙƙinki. Ki yahe muna."

Daɗi ya kama ta har ta kasa ɓoye murmushi.

"Na yafe, Baba. Amma gobe akwai yasar magudanar kasuwa. Kowa ya zo da shebur."

Washegari ba masuncin da ya makara.