Wuƙar Mai Dashe

Sau uku Auta tana maimaita gwajin, sau uku sakamakon na faɗin abu ɗaya. Zama ya gagare ta. Ta cire safar hannu, ta mayar, ta sake cirewa, sannan ta kira masoyinta.

Mai Dashe ya shigo ɗakin gwajin da laka a takalminsa, yana murmushin nan da ke rikita mata lissafi.

"Gimbiyata, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Cutar da ke ɓare ɓawon lemukan Abba... wuƙarka ce ta yaɗa ta. Duk bishiyar da ka haɗa wa reshe ta kamu."

"Ni da nake goge ta da sifirit kullum?"

"Sifirit rigar wasu bairos yake narkarwa, masoyina. Wannan bairoyid ne, ɗan zaren ƙwayar halitta tsirara, ba shi da rigar ma. Ruwan bilic na wanki kawai ke kashe shi."

Bishiya sittin, kuma babu magani sai sarewa. Ga ɗan Baffa, wanda ya daɗe yana maitar aurenta, kullum cikin zuga Abba yake, wai mai wasa da taki bai dace da ita ba. Tsoro ya cika ta.

"Ni kaɗai na ga takardar sakamakon," ta ce. "Zan ce daga iri ne..."

"Sauran gonaki huɗun da na yi wa aiki fa? Su ma mu yi musu shiru?"

"Za a raba mu!"

"Na sani, zuciyata."

Ya karɓi takardar ya fita, ta bi shi har da tuntuɓe.

A gona suka tarar da Abba, ɗan Baffa na manne da shi. Mai Dashe ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ko kalma ba.

"Ka ji ko, Abba!" in ji ɗan Baffa, baki har kunne. "Ai na faɗa!"

Abba ya daɗe yana shafa ɓawon wata bishiya. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Gobe ka zo da gatari," ya ce da Mai Dashe. "Kai za ka sare, kai za ka dasa, kai za ka yi raino."

"Abba... sabon dashe sai ya shekara huɗu kafin ya yi 'ya'ya."

"Na sani, Auta. Shi ya sa ba zan ba wa bare aikin ba." Ya juya ga Mai Dashe. "Ka turo magabatanka."