Matar da Malam Ya Kafa Hujja da Ita

Amarya ta dafa keken ɗinkinta za ta miƙe, sai ciwon ya soke ta daga ƙugu har tafin ƙafa. Shekara huɗu da aure amma har yau Amarya ake ce mata, uku daga ciki kuwa da ciwon bayan nan ta yi su. Likita ya ce jijiya ce ta danne, magani sai dai ya rage.

Mijinta, Malam, mai koyar da falsafa a jami'a, ya ɗago kai daga littafi.

"Ya motsa ne?"

"Kaɗan."

"To ki tuna abin da na gaya miki. Ciwo na jiki ne, wahala kuwa hukuncin zuciya ce. In ba ki kira shi mugu ba, ba shi da iko a kanki."

"Na tuna, Malam," ta ce tana murmushi.

Sai da ta ji motarsa ta yi nisa sannan ta lallaɓa banɗaki, ta buɗe famfo, ta cusa tawul a baki ta yi kuka mai isarta. Tana sonsa so mai tsanani. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba, sai dai ko kai ne ke maka ciwo sai ya ba ka bayani kafin ya ba ka ruwa. Iliminsa ne abin da ya fi ƙauna, shi yake miƙa mata, ita kuma ta kasa mayar masa da kyautarsa.

Da yamma sai ga mahaifiyarta, Umma, ta shigo fuska a ɗaure. Auta, ƙanwar Amarya da ke karatu a ajin Malam, na biye da ita.

"Anti, wallahi yau na ji kunya!" in ji Auta. "Ana tsakiyar lacca, gaban mutum ɗari biyu, ya kafa hujja da ke. Wai matarsa shekara uku tana ciwo bai taɓa ganin hawayenta ba, wai hankali ya rinjayi jiki. Har tafi aka yi masa! Ni kuwa da na sha tsintar ki a kwance a ƙofar banɗaki?"

"Haɗa mata kayanta," Umma ta ce. "Ban haifi 'ya don a yi darasi da ita ba."

Ana zuge akwati Malam ya dawo. Ya durƙusa ya gaishe da surukarsa, ta amsa a taƙaice.

"Gara da ka zo, Malam. Zan tafi da ita."

"Umma, a yi haƙuri, ina jin ba a fahimce ni ba ne. Ai masana sun bambanta tsakanin ciwo da—"

"Cikin masanan nan wa ya taɓa sa mata takalmi? Wata shida ba ta iya sunkuyawa, ka sani? Jiki ya fi kunne ji!"

Ya juya ga matarsa, idonsa cike da yarda. "Gaya musu da bakinki. Tunanin nan yana rage miki, ko ba haka ba?"

In Amarya ta ce e, Umma za ta haƙura, ita kuma ta koma cizon tawul har ƙarshen ranta. In ta faɗi gaskiya, za ta rusa abin da mijinta ya dogara da shi, wataƙila har da auren. Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

"Yana min ciwo, Malam! Kullum! Na gwada duk abin da ka koya min, wallahi na gwada. In ya taso ko sunana ba na tunawa, balle maganar masana. Na ɓoye maka ne don kada ka ga na faɗi jarrabawarka!"

Jakar da ke hannun Malam ta sulluɓe ƙasa. Ya matso ya durƙusa a gabanta.

"Shekara uku ina yi miki bayanin ciwonki, ban taɓa tambayar ki inda yake ba. Ina ne?"

Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙasan bayanta. "Nan. Kada ka ce komai."

Bai ce ba. Hawayensa ne ya sauka a zaninta.

Umma ta daɗe tana kallon su, sannan ta gyara mayafi. "Auta, mayar da akwatin. Amma zan dawo in gani da idona."

Ciwon bai tafi ba, har yau yana nan. Sai dai in ya taso, Malam ne ke dafa ruwa ya gasa mata baya, ya zauna shiru har ya lafa, ita kuma ta yi kukanta a kafaɗarsa ba tare da jin kunya ba.

Ilimi na da ranarsa, haƙuri ma na da ladansa. Amma haƙuri ba ɓoye hawaye ba ne, kuma mai ciwo ba ya neman wanda zai gamsar da shi da hujja. Wanda zai yarda cewa yana jin zafi yake nema, ya zauna kusa da shi.