Hoton Amaryar Goronyo

Yarinyar tana tuna ranar da ta fara ganin Rahinatu. Ranar da aka kawo ta ce daga Rabah, amaryar yayanta Bilyaminu. Lokacin shekarun yarinyar takwas. Ɗaki ya cika da mata da ƙamshin turare. Ita kuwa ta laɓe a bakin ƙofa tana leƙe.

Amarya ta hango ta ta ƙarƙashin mayafi. Ta miƙo hannu ta kira ta. Hannun ya sha ƙunshi. Ƙananan furanni sun hau shi har gwiwa.

"Wa ya yi miki?" in ji yarinyar.

"Ni na yi abina," in ji amarya. "Ke ta autar gidan ga?"

Washegari Rahinatu ta zana mata fure ɗaya a tafin hannu. Yarinyar ta ƙi sa hannun a ruwa, har sai da Inna ta yi faɗa. Tun ranar ba ta da kamar Anti Rahinatu.

Shekara huɗu ta wuce. Gidansu na Wurno ya shiga wani hali. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Yaya Bilyaminu kuma babur ya kayar da shi a hanyar fadama, ƙafarsa ta karye. Ana dashen albasa, shi yana kwance a tabarma. In ba Rahinatu ta fita ƙunshi ba, ba a ɗora tukunya. Ga shi ba a cika kiranta ba. Baƙuwa ce, kuma kowane gida da mai ƙunshinsa tun da.

Wata rana a makaranta Malama Tani ta yi musu darasi a kan neman aiki.

"Aiki ba ya zuwa ya same ka a ɗaka," in ji ta. "Sai mutane sun san abin da ka iya. Wanda ya gani ya faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wani. Yanzu waya tana saurin kai wannan labari."

Yarinyar ta dawo gida da gudu.

"Anti, ba ni wayarki."

"Ikon Allah. Ƙanwar miji ta fi uwar miji iko. Mi za ki yi da ita?"

"Aiki zan samo miki."

Akwai wani guruf na Watsaf inda matan Wurno da Rabah da Goronyo suke tallar sana'arsu. Akwai masu ɗinki, masu kitso, masu turaren wuta. Malama Tani ta sa aka shigar da lambar Rahinatu. Rahinatu ba ta yi nisa a boko ba, kuma kullum hannunta cikin lalle yake. Don haka yarinyar ce mai riƙe waya.

"Amma hannu da ƙafa kaɗai za ki ɗauka," in ji Rahinatu. "Shi ma sai mai hannun ta yarda."

"Na ji, Anti."

Abin ya fara kyau. Aka kira su garin Sisawa. Matar da aka yi wa a Sisawa ta faɗa wa ƙanwarta a Taloka. Daga Taloka labari ya kai Goronyo, gidan Hajiya Turai. Hajiya Turai babbar mace ce. Tana da 'ya'ya mata da yawa, kuma in ta yabi mai sana'a, kowa ya bi. Za ta aurar da 'yarta Sa'adiya.

Ranar Asabar suka shiga mota suka tafi Goronyo.

Amarya tana cikin lalle. Kwana uku ke nan tana ɓoye a ƙuryar ɗaki. Ba mai ganin fuskarta sai 'yan uwa mata, har ranar da za a buɗe kanta a gidan miji. Mai ƙunshi kaɗai ake bari ta shiga daga waje.

Rahinatu ta zauna ta fara zane. Zafi ya yi yawa, Sa'adiya ta cire mayafi da ɗankwali. Sabon kitsonta ya fito. Wata ƙawarta ta faɗi abin dariya. Sa'adiya ta ɗaga hannuwanta biyu kusa da fuska tana dariya.

Yarinyar ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ta ɗaga waya ta ɗauka. Ba wanda ya lura.

A mota, wajen komawa, ta buɗe hoton. Ta ce a ranta, hoton hannu mutum biyar ke yabawa. Wannan kuwa kowa sai ya tsaya. Ta duba Anti, ta ga gajiya ta sa ta gyangyaɗi. Ta tura hoton cikin guruf. Ta rubuta a ƙasa: Aikin Rahinatu Wurno.

Kafin su sauka, yabo ya fara shigowa. Yarinyar ta yi ta murmushi ita kaɗai.

Da safe waya ta yi ƙara. Hajiya Turai ce. Muryarta har tsakar gida ana ji.

"Rahinatu, mi munka yi miki? Na buɗe miki ɗakin ɗiyata, kin fitar da ita kasuwa ba ɗankwali? Hoton na hannun samari a tashar albasa. Abokan ango sun gani. Kar ki zo ƙunshin ƙawaye. Kar ki sake taka gidana."

Rahinatu ta juyo ta dubi yarinyar. Kallo ɗaya ta yi mata. Sannan ta ce a waya, "Hajiya, ki yi haƙuri. Wayata ce. Laifina na."

Yarinyar ta goge hoton. Amma ya riga ya tafi. Yana wayoyin da ba ta san masu su ba.

Aka cire lambar Rahinatu daga guruf. Matar Taloka ta aiko ta ce ta samu wata. Bikin da ake jira a Rabah ma aka fasa kiranta. Mata suna cewa, "Mai ƙunshin nan ba ta da amana."

Rahinatu ba ta faɗa wa kowa gaskiya ba, ko Inna, ko mijinta. Ba ta yi wa yarinyar faɗa ba. Ta dai daina tsokanarta. Da ma duka ta yi mata, da ya fi sauƙi.

Mako uku babu kira ko ɗaya. Lallen da aka tankaɗe yana nan cikin kwano a rufe. Rahinatu ta koma gidan maƙwabta tana ɓare musu tafarnuwa. Yatsunta suka tsattsage. Wani lokaci da rana sai gari da ruwa. Yaya Bilyaminu yakan ce ya ƙoshi, ya tura wa Inna kwanonsa.

Yarinyar tana gani. Kullum takan ce gobe za ta faɗa. Gobe ta yi, bakinta ya yi nauyi.

A aji ta daina ɗaga hannu. Ran nan bayan an tashi, Malama Tani ta tsayar da ita.

"Mi ya same ki? Kin zama kamar kazar da ruwa ya daka."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai.

Malama Tani ta zauna kusa da ita.

"Ni ma ina da laifi," in ji ta. "Na koya muku yadda ake nuna aiki. Ban koya muku abin da ba a nunawa ba. To yanzu mi kinka yi a kai?"

"Na goge, Malama."

"Kin goge a wayarku. A bakin mutane fa? Sunan wa ake kira?"

"Na Anti."

"To ɗiyata, wanga gyara ba na yatsa ba na. Na ƙafa da baki na."

Da ta koma gida ta durƙusa gaban Inna ta faɗa mata. Inna ta yi salati. Ta dubi ɗakin Rahinatu, idonta ya kawo ruwa.

"Ɗiyar mutane ta ɗauki kayanki mako uku, ke kina cin abincin hannunta," in ji Inna. "Jibi Asabar. Ki shirya."

Ranar Asabar su biyu suka tafi Goronyo. Hajiya Turai ta amsa gaisuwar Inna, amma ba ta dubi yarinyar ba. Sa'adiya tana nan, ta zo gaida uwarta. Ƙunshin hannunta ya fara goguwa.

Yarinyar ta durƙusa.

"Hajiya, ba Anti ba ta. Ni ce na ɗauka. Ni ce na tura. Ta hana ni tun farko. Tana barci a mota na yi."

"Don mi?" in ji Sa'adiya.

"Kin yi kyau. Na so a gani a kira Anti aiki."

Sa'adiya ta girgiza kai. "Kin san mi na so? Na so in ango ya ɗaga mayafina, ya zama shi na farko. Wata biyu ina tunanin wagga rana. Sai ga shi masu lodin buhu sun riga shi. Da kuka anka kai ni, ba kukan amarya ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ba ta san hoto zai iya ƙwace wa mutum abu irin wannan ba.

"Ki yafe mini, Anti Sa'adiya."

Can Sa'adiya ta ce, "Na yafe. Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo."

"Ke kin yafe naki," in ji Hajiya Turai. "Saura na baiwar Allah da anka zaga ba ta ji ba ta gani ba. Ke yarinya, gaban mata ɗari uku kinka ɓata mata suna. Za ki gyara shi cikin ɗakina, ƙofa a rufe?"

Ta buɗe guruf ɗin a wayarta ta miƙa mata.

"Danna nan. Faɗi da bakinki."

Yarinyar ta karɓi wayar. Iyayen ƙawayenta suna cikin guruf ɗin. Gobe duk makaranta za ta ji. Ta dubi Inna.

Ta danna. Ta yi sallama. Ta faɗi ko ita wace ce, da abin da ta yi, da yadda Rahinatu ta rufa mata asiri. Ta roƙi duk mai hoton ta goge. Ta tura.

Hajiya Turai ta karɓi wayar, ta danna ita ma.

"Ni ta Turai ta Goronyo. Kun ji da kunnenku. Matar da za ta ɗauki zagi mako uku don ta kare ɗiyar gidansu, ita nake so cikin ɗakin ɗiyana. A maido lambarta. Ita za ta yi wa ƙanwar Sa'adiya ƙunshin aure bayan Salla."

Da la'asar suka iso Wurno. Rahinatu tana tsakar gida. Maƙwabciya ta riga ta kawo mata waya ta ji saƙon. Ta buɗe kwanon lalle tana shinshinawa, ko ya lalace.

"Sannu da zuwa, mai jawabi," in ji ta. "An ce har Rabah an ji muryarki. Saura rediyo."

Yarinyar ta faɗa jikinta tana kuka, tana dariya. Yaya Bilyaminu ya leƙo daga ɗaki da sandarsa.

"A bar mini matata ta huta, Auta. Gobe tana da fita."

Gaskiya ne. Matar Taloka ta sake kira.

Inna ta zauna ta ce wa yarinyar, "Ki riƙe wanga. Waya tana sa a san ka. Amana ta ke sa a sake kiran ka. Wanda ya rasa ta, ko duniya duka ta san shi, ba ya da aiki."

Waya ta yi ƙara a kan tabarma. Hannun Rahinatu duk garin lalle ne. Ta tura wa yarinyar ita da gwiwar hannu.

"Ɗauka mana."

Yarinyar ta ɓoye hannuwanta a baya. "Ni, Anti? Har yanzu?"

"To wa? Yayanki? Shi da sai ya tambayi mutane farashin albasa."

Yarinyar ta ɗauki wayar da hannu biyu. Ba ta amsa ba tukuna. Ta miƙe tsaye, ta dubi Inna, ta dubi yayanta, ta dubi Rahinatu. Ta yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Na yi alkawari. Ba zan sake tura abin wani ba sai na tambaye shi. Kuma in na yi laifi, ba zan bari wani ya ɗaukar mini ba, ko na yini ɗaya."

"Allah ya ba ki ikon cikawa," in ji Inna.

"Amin," in ji Rahinatu. "Yanzu amsa, kafin ta katse."