Albasar Jamilat

"Anti, kin san me ake ce wa furen nan?"

Jamilat ba ta ɗago daga fayil ɗin da take cikewa ba. Ta sani sarai, ƙamshinsa tun daga ƙofa ya iske ta.

Hajar, sabuwar nas da ko wata uku ba ta yi a Riyad ba, ta dire tukunyar furen a kan tebur tana dariya.

"Larabawa narjis suke cewa, amma matanmu na unguwar Shumaisi Albasar Jamilat suke kiransa. Wai wata mai sunanki ce saurayi ya aiko mata da tushensa mai kama da albasa, ta yanka a miya, gida kaf aka yi ta amai. Wasu kuma Albasar Mallaka suke cewa, wai asiri ne. Wani mara lafiya ya bar mana, na ce ke ya dace da shi."

"Na gode," kawai ta ce.

Yarinyar ba ta san da mai labarin take magana ba.

Shekara tara ke nan. A lokacin a gidan yayanta Dakta Mukhtari take zaune, kuma Sharif take so, direban wani shagon furanni, mai sanyin magana. Yaya ya ce sam. "Ki rasa wanda za ki kawo min sai mai iƙamar direba, wanda da tuƙi kawai aka ba shi izinin zama?" Ya sa Sharif ya rantse ba zai ƙara kiranta ba, ita kuma ya sauya mata layi.

Ana nan wata Juma'a ta ɗebi albasa a kwando ta yi miya. Kafin la'asar kowa na riƙe da ciki. Sai ga Khairat, ƙanwar matar Yaya, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Sharif, tana kuka tana cewa asiri ne, shi ya ba ta albasar, ya ce a tabbatar Jamilat ta ci.

Jamilat ta yarda. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan, ta yarda.

Yaya ya koma gida Najeriya da iyalinsa, ita ta zauna. Ɗaki ɗaya, faranti ɗaya, abinci a tsaye gaban firji. Ranar hutu har ta wuni bakinta bai furta komai ba in ba a salla ba. Manema sun zo, ta sallame su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Da aka tashi aiki ta rungumi tukunyar don kada Hajar ta ji babu daɗi, da niyyar jefarwa a shara. Malam Maiwada, dattijon direban da ke kai ta gida kullum, ya kalle ta ta madubi.

"A'a, Sista, Leƙa-taga kika samo?"

"Me ka ce, Baba?"

"Mu direbobi haka muke kiransa. Tsohon suna ne. Wani yaronmu ne aka hana shi yarinya, ya aika mata da tushen furen da wasiƙa. Ya ce ta shuka, in ya yi fure tana sonsa har yanzu, ta ɗora a taga, shi kuma zai nemo manya su koma wa yayanta. Wallahi sanyin shekarar nan kaf, in ya gama aiki sai ya faka a layin, kansa a sama. Har muka riƙa tsokanarsa."

Ta ƙara rungume tukunyar.

"Wasiƙa…?"

"Da idona na ga ya rubuta. Wata 'yar gidan ya bai wa. Allah sarki Sharif, jibi ma zai tafi gaba ɗaya, an buga masa huruj, bizar barin ƙasa."

"Baba, juya. Don girman Allah kai ni wurinsa."

A unguwar Ulaisha suka same shi, ƙofar wani tsohon bene, yana ɗaure kwali da igiya. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya dubi fuskarta, ya dubi abin da ta rungume, igiyar ta suɓuce masa.

"Jamilat…"

"Ban ga wasiƙarka ba." Ta matso kusa da shi. "Wallahi ban gani ba, Sharif. A kwandon albasa aka zuba min su, aka ce asiri ka yi min."

Ya zauna a kan kwalin.

"Na ji labarin miyar," ya ce a hankali. "Na ɗauka amsarki ke nan, kin karanta kin watsar. Na yi aure a gida don in manta, ko shekara bai yi ba."

"Ni ko gwadawa ban yi ba."

"Kin makara, abar ƙaunata. Kafil, maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya rufe komai, babu dawowa."

Ta share hawayenta da gefen abaya. Tsawon shekara tara wasu ke magana a madadinta, Yaya ya yi, Khairat ta yi, matan Shumaisi sun yi. Yau kam bakinta ne.

"Kwantiragina saura wata huɗu, kuma ba zan sabunta ba. Yaya yana Kaduna, ni zan kira shi da kaina. Ba ta taga ba, ba ta hannun kowa ba, ga ni a gabanka ina gaya maka: ina sonka, kuma na amince."

Sharif ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza.

Malam Maiwada ya kashe mota ya fito, yana gyara hula.

"To, ai ga babba ɗaya an samu. Sista, ba ni lambar Daktan."