Dogon Makirufo da Shanun Labbo

Wata rana a cikin bazara, Dije ta shiga kasuwar Jega neman makirufo. Malamar firamare ce, ita kaɗai take zaune a ɗakin haya, kuma duk duniya mahaifinta Labbo ne ya rage mata. Likitoci a Sakkwato sun ce jibi za su yi masa aiki a maƙogwaro, kuma da wuya ya sake magana. Shi ya sa ta ari rikoda wajen wata abokiyar aikinta. Kiran shanunsa take so ta ɗauka, kiran da ta tashi tana ji tun kafin a kai ta makarantar kwana.

Ɗayyabu mai shagon kayan sauti ya jera mata makirufo uku a kan tebur. Ƙaramin, in ji shi, a wuyan riga ake maƙala shi, ba ya jin komai sai abin da ke dab da ƙirjin mutum. Mai zagayen kai kuwa kwashe-kwashe ne, har kukan tsaka zai ɗauko. Dogon, mai kama da sanda, inda aka nuna shi kawai yake ji, komai nisa. Dije ta ce ƙaramin ya isa, tunda muryar tsohon ta dushe. Ɗayyabu ya yi dariya, ya ce ai Malama, kiran shanu ba hira ba ce, fita yake yi cikin daji ya dawo. In ta ɗauki muryar ta bar dajin, rabi ta ɗauka. Ƙarshe ta tafi da ƙaramin da dogon, tunda rikodar na da kafar jona makirufo biyu. Ya haɗa mata da hular gashi mai tare iska, da batura, da katin memori, da abin saurare mai rufe kunnuwa. Ya ja mata kunne kada ta cire shi muddin tana ɗauka.

Washegari bayan la'asar ta isa ƙauyen da Labbo yake zaune, can bayan Maiyama. Ba shi da saniya ko ɗaya yanzu. Ciwo ya kashe mafi yawa shekara tara da suka wuce, sauran ya sayar. Suka taka a hankali zuwa tsohon mashekarinsu, inda garken ke kwana a da, a bakin fadama, yana dogara sanda, tana riƙe da jaka. Ba su haɗu da kowa ba.

Wurin ya zama fili. Turaku biyu ne suka rage, gara ta ci rabinsu, sai wata bishiyar ƙirya da Dije ta tuna ana rataya ƙwaryar nono a jikinta.

Ta maƙala masa ƙaramin a wuyan riga. Ta roƙe shi ya kira su duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta saba ji. Labbo ya daɗe yana kallon yamma. Da muryarsa mai kama da shafar takarda ya gaya mata makiyayi ba ya kiran saniyar da ta mutu, balle rana na faɗuwa.

"Baba, yau ɗai ta rage mana," in ji Dije.

Ya dube ta. Ya gyara tsayuwa, ya ɗora sandar a kafaɗa.

Ta ja baya taku goma, ta rufe kunnuwanta da abin sauraren, ta nuna dogon makirufo wajen fadama. Kunnen hagu, na ƙaramin makirufo, numfashin mahaifinta. Kunnen dama daji: gyare, da wata kurciya can nesa, da iska tana shafar hular gashin.

Sai ya yi kira. Muryar ta fito, ba ta dushe ba, ta miƙe doguwa har ta bugi wancan ƙetaren ta dawo. Hawaye suka zubo wa Dije. Sunan Wule ya fara kira, farar saniya mai baƙin kunne.

A kunnen dama, can ƙasa-ƙasa, wani abu ya amsa.

Ta ɗauka shanun wasu ne ke komawa gida. Ta ɗaga kai. Fadama a bushe, babu ko akuya. Ta karkata makirufo gabas, shiru. Ta mayar da shi, ga takun kofato a kan busasshen laka.

Ya kira Saye. Aka amsa, kusa fiye da ɗazu. Ya kira Ɓale. Gyare suka yi tsit.

Warin kashin shanu ɗanye ya taso, da ƙamshin madara mai ɗumi. Takun ya yi yawa, ba ya ƙirguwa. Ta zare abin sauraren daga kunne ɗaya: babu komai sai iska. Ta mayar: garke guda yana hawowa.

Ta so ta kashe rikodar. Amma saura sunaye huɗu, kuma muryar nan ba za ta sake fitowa ba. Ta bar jar fitilar rikodar tana ci.

Dogon makirufo ya yi nauyi a hannunta. Wani abu ya ture shi gefe, a hankali. Ta ga gashin hular ya kwanta, ya jiƙe, kamar an lashe shi.

Sai kunnen dama ya yi shiru. Sun wuce ta.

A kunnen hagu, inda ba a jin komai sai abin da ke dab da ƙirjin mahaifinta, numfashi ya zama biyu. Ya zama uku. Manya, masu zafi.

Rigar Labbo ta lotsa a ciki, kamar an kafa mata hanci. Ya yi murmushi. Ya ɗaga hannu yana sosa iska.

"Sun rame," ya ce da raɗa. "Ba su sha ruwa ba."

Ya juya wajen fadama ya fara tafiya, yadda makiyayi ke shiga gaba garke na biye. Ba ya dogara sanda. Ƙurar da ke bayansa tana tashi ba tare da ƙafa ba.

Ya buɗe baki zai kira ta ƙarshe.

Dije ta yar da dogon makirufo. Ta kutsa. Jikuna masu ɗumi suka matse ta dama da hagu, wani abu mai tsini ya karce ta a haƙarƙari. Ta cim masa, ta toshe masa baki da tafin hannu, tana ambaton sunan Allah a kunnensa.

Numfashi ya sauka a bayan wuyanta. Ya daɗe.

Can daga ƙauye aka ɗaga kiran sallar magariba. Gyare ɗaya ya yi kuka, sauran suka bi. Labbo ya sulale a hannunta, mara nauyi kamar buhun ƙaiƙayi. Goya shi ta yi har gida, rikodar na lilo a wuyanta.

An yi aikin, ya tashi, muryar ba ta tashi ba. Dije ta dawo da shi ɗakinta a Jega. Sau ɗaya ta kunna abin da ta ɗauka, da rana tsaka, a aji bayan an tashi yara. Ya fito tas, babu ko ƙura. Yana kiran Wule warin garke ya cika ajin, wani abu ya goga jikinsa da ƙofa daga waje. Ta zare katin ta ƙulle a bakin zane. Ta kasa gogewa.

Wata yamma Labbo ya taɓa maƙogwaronsa, ya nuna kunnensa, ya dube ta yana jira.

"Iska ta ɓata shi, Baba," ta ce. "Bai ɗauku ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gyaɗa kai, ya dafa hannunta, suka ci gaba da zama a bakin ƙofa har duhu ya rufe su.