Wasiƙar Cikin Ambulan Na Tara

"Kujerun makarantun nan ni zan ƙera su, ku rubuta ku ajiye!" in ji Kafinta, yana bugun ƙirji a tsakar gida. "Wasu uwa gare su a gindin murhu, ni mata gare ni!"

Matar tasa a ofishin sayen kayan gwamnati take aiki. Ta sunkuyar da kai. "Baban yara, ka shiga takarar kwangilar kamar kowa. In na sa hannu, aikina ya tafi."

"Ji mini yarinya!" Inna, mahaifiyarsa, ta tafa hannu. "Shekara sha takwas kina cin guminsa, yau ɗaya ki hana shi inuwa?"

Daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarta. Ita kuwa matar, kuka take yi a ɗaki, ta wanke fuska ta fito.

Shi kuwa gogan, ya san da zolaya ya sace zuciyarta tun farko. Sai ya rubuta 'yar wasiƙa ya cusa cikin ambulan ɗin takararsa. A zatonsa ita kaɗai ke buɗewa a teburinta.

Ranar buɗewa har Inna ya ɗauko don ta ga nasara. Zaure cike da 'yan kwangila da 'yan jarida. Shugaban kwamiti ya ce, "Ƙa'idarmu, duk takardar da ta fito daga ambulan a lasifika za a karanta ta."

Kafinta ya dafe kai.

Aka zo kan ambulan na tara. Shugaba ya gyara tabarau.

"Zumar zuciyata, ki ɗaga tawa, ki danne na sauran. In na samu, wallahi na daina minshari. Naki, Baban yara."

Zaure ya kece da dariya. Wani ya ɗaga murya, "Zuma ta miƙe mu gan ta!"

Matar Kafinta ta miƙe, hawaye na zuba. Shugaba ya zaro wata takarda. "Ku saurara! Mako uku ke nan baiwar Allah nan ta rubuto cewa mijinta na takara, ta janye kanta. Aikinta na nan daram. Kai kuwa, Malam, an soke taka. Tashi a san ka!"

Kafinta ya miƙe kamar kazar da ruwa ya daka, ya rasa inda zai sa idonsa.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta lalubo hannun surukarta. "Yafe mini, 'yata. Ashe ke ce mai rufa mana asiri."

Abin da ba ka so a karanta a lasifika, kada ka roƙi masoyinka shi a ɓoye.